Haɗa Fistol ta Farko a Amurka: Me Zan Saya, Me Zan Bari Yadda Yake?

Tambaya: Kawu, barka da warhaka. Shekarata shida a Houston, ina da katin zama na dindindin, kuma wata huɗu ke nan ina zuwa filin harbi ina hayar bindiga. Ina son in haɗa fistol tawa da hannuna, irin mai ɗura kanta bayan kowane harbi, don in fara shiga gasa. Na ware dala 1,200. Na ga silaid (ƙarfen saman bindiga da ke ja da baya idan an harba) mai tagogi, da bututu ruwan zinare, da kunama mai laushi sosai. Da me zan fara?

Amsa: Barka kadai, ɗana. Na karanta jerin kayanka har na yi murmushi, domin kusan irinsa na rubuta wa kaina lokacin da na yi haɗin farko. Abubuwa ukun da ka lissafa su ne na ƙarshe da ya kamata ka yi tunaninsu, ɗaya ma daga ciki zan roƙe ka ka bar shi gaba ɗaya a wannan karon. Amma bari mu bi ta inda hukuma take farawa, tun da nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa da sukundireba.

A dokar tarayya, firam shi ne bindigar. Wato ɓangaren ƙasa da kake riƙewa, wanda lambar rajista take jikinsa. Silaid, bututu, sifirin da sauran tarkace za a iya aiko maka da su har ƙofar gida a Texas, amma firam sai ya bi ta hannun dillali mai lasisin tarayya. Za ka je shagonsa da katin shaida, ka cike fom 4473, a duba tarihinka ta tsarin NICS na FBI, kuma sai ka kai shekara 21. Mai katin zama na dindindin irinka doka ta ba shi dama. Mai bizar karatu ko ta ziyara kuwa, asalin hukuncinsa hani ne, sai wasu 'yan togaciya kamar mallakar lasisin farauta, don haka kada wani abokinka ɗalibi ya ga kana yi ya ce shi ma bari ya bi sahu. Kuma ko da wasa kada ka cike fom ɗin da sunanka alhali wani za ka saya wa. Dokar da aka zartar a 2022 ta sa hukuncin wannan zai iya kai wa shekara 15 a kurkuku, ga kora daga ƙasar ga wanda ba ɗan ƙasa ba.

Za ka ci karo da masu tallar firam ɗin da ba a gama ƙerawa ba, marar lamba. Ka wuce su. Hukumar ATF mai kula da makamai ta fitar da ƙa'ida a 2022 da ta shigar da irin waɗannan ƙunshin kaya ƙarƙashin dokar bindiga, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ita a watan Maris na 2025, wasu jihohi ma sun haramta su ɗungurungum. Ko ba don doka ba, firam ɗin da masana'anta ta gama ta auna ya fi wanda sabon hannu ya taɓa. Haka nan ɗan ƙarfen nan da ake maƙalawa a bayan silaid don bindiga ta riƙa ɓarin wuta babu tsayawa: shi kaɗai, ko ba a ɗaura shi a komai ba, dokar tarayya tana ɗaukarsa a matsayin mashinga, kuma ɗaurinsa yana kai wa shekara 10. Sai magana ɗaya da ta shafe mu mu 'yan ci-rani. Wata rana wani daga gida zai ce ka sako masa bututu ko gidan harsashi cikin kayan da ake lodawa a kwantena. Fitar da sassan bindiga daga Amurka ba tare da lasisi ba babban laifi ne, kuma a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin jerin haramtattun bindigogi da sai da lasisin shugaban ƙasa. Ka ce masa a'a tun kafin ya rufe baki.

To, mu koma kan kayan.

Abu na farko da za ka zaɓa shi ne dangin bindigar, domin shi zai yanke maka sauran. Manyan dangogi uku ne masu haɗi suke bi. Akwai 1911, ƙirar John Moses Browning, wadda sojojin Amurka suka ɗauka a shekarar 1911 suka riƙe har 1985 da Beretta ta gaje ta. Babu kunamar da ta kai tata daɗi a wurina, sai dai an zana ta ne a zamanin da maƙeri yake zama da zarto ya daidaita kowane ƙarfe da ɗan'uwansa. Har yau yawancin sassanta masu kyau ana sayar da su da ɗan ƙarin nama, don a goge su su zauna. Wanda bai koyi wannan aikin a gaban gwani ba, zai ɓata kayan dala ɗaruruwa, ko ya haɗa bindigar da makullinta ba ya riƙewa. Ba ta haɗin farko ba ce. Akwai SIG P320, wadda sojoji suka zaɓa a 2017 da sunan M17. Ita dabararta daban ce: ɗan injin kunama na ciki ne yake ɗauke da lambar rajista, sai ka riƙa sauya masa mariƙi da silaid kamar riga. Tsari ne mai ban sha'awa, amma ka sani a 2017 kamfanin ya buɗe shirin gyara bayan an nuna tana iya tashi idan ta faɗi ta wata kusurwa, kuma an yi ta shari'o'i a kanta daga baya. Ga sabon mai haɗi da zai cakuɗa kayan kamfanoni daban-daban, ba nan zan tura ka ba.

Saura Glock, kuma a cikin Glock ɗin ma, zubi na uku, wanda ake kira Gen3. Gaston Glock ya ƙera Glock 17 sojojin Ostiriya suka karɓa a 1982, Glock 19 ta biyo baya a 1988. Dalilin da ya sa na ce Gen3 shi ne haƙƙin mallakar ƙirarta ya ƙare, kamfanoni barkatai suna yin kayanta, ta zama kamar tsohuwar fijo a hannun kanikawan Kano: duk inda ka shiga akwai kayanta, duk wanda ka tambaya ya san ciwonta. Sassanta kaɗan ne, talatin da 'yan kai. Amma ka kula, zubi ba ya shiga zubi yadda ka ga dama. Gen4 da ta fito a 2010 tana amfani da sifirin mai hawa biyu, Gen3 kuwa mai hawa ɗaya, ramin da sifirin yake zama a gaban silaid ma ba ɗaya ba ne. Gen5 ta 2017 ta sauya kayan ciki da yawa. Duk abin da za ka saya, ka karanta wane zubi da wace lamba aka yi shi domin su, sau biyu, kafin ka biya.

Tsakanin 17 da 19 da 34 fa? Bambancin tsawo ne. Bututun 19 inci 4.02 ne, gidanta na ɗaukar harsashi 15. Na 17 inci 4.49, harsashi 17. Na 34 inci 5.31, a kan firam irin na 17. Tun da gasa ka ce, kuma na san ka da manyan hannuwa irin na mahaifinka, firam ɗin 17 zai fi cika maka tafi, ƙaramin yatsanka ba zai riƙa lilo a ƙasa ba. Idan kana ganin wata rana za ka so ɗaukarta a jiki, 19 ta fi ɓoyuwa. A Gen3 silaid ɗin 19 ba ya hawa firam ɗin 17 kai tsaye, to ka yanke shawara tun yanzu. Tun da kana hayar bindiga, ka hayi dukkansu a rana ɗaya, ka harba akwati guda da kowacce. Hannunka zai gaya maka abin da ni ba zan iya ba.

Girman harsashi ba ya buƙatar dogon zance. Ka ɗauki 9mm, ƙirar Georg Luger ta farkon ƙarni na 20. Shi ne mafi araha a cikin manyan harsasan fistol, bugunsa da sauƙi, kuma kowane shago yana da shi. Harsashi ne zai ci kuɗinka a shekara fiye da bindigar kanta, don haka arahar nan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu ga shawarar da ba za ta yi maka daɗi ba. Maimakon ka sayi firam tsirara ka bi kamfani bakwai kana tsintar kaya, ka sayi cikakkiyar Glock ta masana'anta, sabuwa ko ta hannu mai lafiya, ka gina a kanta. Ta hannu ta fi sabuwa araha, musamman waɗanda 'yan sanda suka mayar, da yawanci kube ya goge musu fenti amma ba a harba su da yawa ba. Idan ka lissafa firam da kayan cikinsa, silaid da nasa kayan, bututu, sifirin, da kuɗin dillali, za ka tarar tsinta ɗaya-ɗaya ta fi tsada. Amma ba kuɗin ne babban dalilina ba. Babban dalilin shi ne kana da ma'auni. Ranar da haɗinka ya fara gardama, sai ka mayar da kayan asali ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. Wanda ya tara komai daga wurare daban-daban ba shi da inda zai koma, sai kame-kame.

Bari in bayyana maka me ya sa haɗi yake gardama, domin idan ka gane wannan ka gane rabin sana'ar. Kowace masana'anta tana da ɗan sassaucin awo da ta yarda da shi, ƙasa da kaurin gashi. Idan kamfani ɗaya ya yi komai, ya lissafa sassaucin nan yadda ko ya taru ba zai hana aiki ba. Idan kuwa silaid na wannan ne, bututu na wancan, ƙugiyar zare kwanso ta wani, kowanne daidai yake a awon mai shi, amma kuskurensu na iya taruwa ya fuskanci gefe ɗaya. Kamar a ba tela uku ɗinkin riga ɗaya, wannan ya yi wuya, wannan hannu, wannan jiki. Kowa ya iya ɗinki, rigar ce ba za ta zauna ba.

Sannan bindiga mai ɗura kanta awo ce tsakanin abubuwa uku: ƙarfin harsashi, nauyin silaid, da taurin sifirin. Harsashi ya tashi, bugunsa ya tura silaid baya, ƙugiya ta zaro kwanso, wani ɗan ƙarfe ya tunkuɗe shi waje, sifirin ya dawo da silaid gaba ya kwaso sabon harsashi daga gida ya cusa. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Idan silaid bai kai ƙarshen baya ba, kwanso zai maƙale a taga yana tsaye kamar bututun hayaƙi. Idan ya yi gudu fiye da kima, zai dawo kafin gidan harsashi ya ɗago na gaba, ya wuce fayau ko ya cije shi a karkace. Idan sifirin ya yi laushi da yawa, silaid ba zai rufe ruf ba. Injiniyoyin masana'anta sun daidaita ukun nan: sifirin ɗin Glock 17 na Gen3 laba 17 ne, na 19 laba 18, an auna su da nauyin silaid na asali. Duk tagar da aka fafe a silaid ta rage nauyi. Jan ɗigon da ka ɗora, wato ƙaramin gilashin saiti mai nuna ɗigon haske, ya ƙara. Ɗan ƙarfen rage ɗagawar baki da ake ɗaurawa a hancin bututu yana satar wani kaso na ƙarfin da ke tura silaid. Ka taɓa ɗaya, ka taɓa duka.

A jikina na koyi wannan. Haɗina na farko na sa silaid mai tagogi, da bututu mai zare, da wancan ƙarfen na hanci, da sifirin mai laushi, da sabuwar kunama, duk a dare ɗaya. Na harba gida biyu a fili na ga ta yi, na ɗauke ta na tafi gasa a tsakiyar zafin Yuli. A zagaye na biyu ta cije sau huɗu. Ina tsaye gumi na zuba ina bubbuga ta, wani dattijo da ya zo da bindigar da ko fenti bai sauya mata ba ya gama nasa zagayen ya zauna yana shan ruwa. Na shafe kusan wata biyu da akwatunan harsashi ban san adadinsu ba kafin na gane harsashi mai sauƙi da nake saya ne ba ya iya tura wannan haɗin. Da abu ɗaya na sauya a lokaci guda, da rana ɗaya ta ishe ni.

Saboda haka silaid: ka ɗauki wanda nauyinsa ya yi kusa da na asali, ba tagogi, sai dai tsagin riƙo gaba da baya. Tagogi ado ne da ƙofar shigar ƙura. Abin da kake nema a silaid shi ne gurbin jan ɗigo. Hanya biyu ce: ko ka aika naka na asali wa mai injin yanka ya fafe masa gurbi, ko ka sayi na biyu da aka riga aka fafe. Na fi son ta farko ga mai kuɗi ƙididdigagge, ta biyu ga wanda yake son ya ajiye na asali cif a matsayin ma'auni. Kayan cikin silaid kuwa, allurar da ke bugun harsashi, sifirinta, ƙugiya, da ɗan maɓallin da ke tare allura, ka sa na masana'anta. Arha ne, kuma su aka fi gwadawa a duniya.

Ka zaɓi jan ɗigon kafin a yanka silaid, kada ka yi akasin haka, domin gindinsu ba iri ɗaya ba ne. Gurbin Trijicon RMR shi ya fi yaɗuwa, Holosun 507C ma shi take hawa. Leupold DeltaPoint Pro nata daban, Aimpoint ACRO nata daban. Yankan da aka yi wa ɗaya ba ya karɓar ɗaya sai da faranti a tsakani, faranti kuwa ƙarin sukurori ne da za su iya kwancewa. Girman ɗigon ana auna shi da MOA, wanda kusan inci ɗaya ne a nisan yadi 100. RMR tana zuwa da 3.25 ko 6.5. Ƙarami ya fi kyau a nesa, babba ya fi saurin kamuwa a ido kuma rawarsa ba ta tayar da hankali. Kafin ka biya, ka leƙa ta cikin guda a shago. Mai matsalar ido irin wadda ke sa fitilar mota ta tarwatse masa da dare zai ga ɗigon kamar fashewar tauraro, wani kuma kore ya fi masa ja. Ka duba ta inda ake sa batir: tsohuwar ƙirar RMR ta ƙasa ne, sai an kwance ta an sake saiti, 507C kuwa ta gefe. Wani ƙaramin abu da ya sha kayar da mutane shi ne tsawon sukuru. A Glock, ramin sukurun dama yana saman hanyar sandar da ke danne ƙugiya. Idan ya yi tsawo ya taɓa ta, bindiga za ta daina zare kwanso, kai kuma kana can kana zargin harsashi. Ka yi amfani da sukurun da mai yankan ya ba ka, da ƙarfin ɗaurin da ya rubuta. Ka ƙara da dogayen saitin ƙarfe da za ka iya hangowa ta ƙasan gilashin ranar da batir ya mutu.

Bututu ruwan zinaren nan, ka bar shi a shago tukuna. Launi ne kawai na rufin da aka yi masa. Bututun masana'anta ya fi hannunka daidaito yau, kuma zai fi shi nan da shekara biyu. Ban faɗa don in rage maka daraja ba, ni ma ya fi nawa a yawancin ranaku. Dalilai na gaskiya na sauya bututu kaɗan ne. Ɗaya, idan za ka harba dalma tsirara marar rigar tagulla, domin tsagin cikin bututun Glock na Gen3 ba irin na gargajiya ba ne, kuma an daɗe ana gargaɗin dalma tana taruwa a cikinsa. Biyu, idan kana buƙatar zare a hanci. A Texas babu laifi, amma a California da New York bututu mai zare a fistol yana jefa ta cikin rukunin haramtattu, kamar yadda jihohin biyu suka taƙaita gidan harsashi zuwa 10. Idan aiki ya mayar da kai can, ka bincika kafin ka loda kaya. Kuma bututun da ake tallatawa da matsattsen ɗaki don gasa yakan yi tsirfa da harsashi mai araha, wanda shi ne abincinka na yau da kullum.

Sai kunama, wadda na ce ka bari. Nan zan daɗe kaɗan. Glock ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa. Tsaronta uku ne, duka a cikin tafiyar kunama suke: ɗan harshen da ke tsakiyar kunama wanda ke hana ta motsi sai yatsa ya danne shi, maɓallin da ke tare allura har sai sandar kunama ta ɗaga shi, da ɗan dandamalin da ke riƙe sandar kada ta sauka ta saki allura idan bindiga ta faɗi. Doguwar tafiyar nan da kake jin haushinta, ita ce take kwance su ɗaya bayan ɗaya. Yawancin kunamun kasuwa da ke alfahari da gajeriyar tafiya suna samun ta ne ta hanyar fara tafiyar daga tsakiya, wato bindiga tana zaune a kube alhali an riga an ɗan kwance tsaronta. Na taɓa sayen wata daga wani kamfani da ba zan ambata ba, daɗinta kamar me. Da na kai wa wani maƙerin bindiga ya leƙa ta baya, sai ya nuna mini cewa abin da ya riƙe allurar bai kai rabin yadda ya kamata ba. A gabansa na cire ta.

Kunamar masana'anta tana kai laba 5.5, wato kusan kilo biyu da rabi. Ta isa a ci gasa da ita, an kuma ci. Bayan harbi dubu za ta yi santsi da kanta. Idan bayan wata shida har yanzu kana jin tana hana ka, kamfanin da kansa yana da ɗan ƙarfen haɗi mai alamar ragi da ke sauƙaƙa ta kaɗan, irin wanda ake sa wa Glock 34. Wannan ya ishe ka. Kada ka rage sifirin allura don neman laushi, domin sakamakonsa bugu marar ƙarfi ne, ka ja ka ji ƙyas babu tashi. Kuma duk ranar da aka taɓa wani abu a kunama, wanda ya yi kwas ɗin gyaran Glock ya duba maka tsaron ukun kafin harsashi mai rai ya shiga.

Gidan harsashi ba ya cikin jerinka, alhali shi ne sanadin cijewa mafi yawa a kowace bindiga mai ɗura kanta. Ka sayi na masana'anta, aƙalla biyar. Ka rubuta wa kowanne lamba a gindi da fenti. Idan bindiga ta cije, ka duba lambar. In ka ga lamba uku ce kullum, ka san ba bindigar ba ce.

Kafin ka kashe ko sisi, ka buɗe littafin dokokin gasar da za ka shiga. Ƙungiyoyin gasar harbi na USPSA da IDPA kowacce ta raba bindigogi rukuni-rukuni, kuma ƙarfe ɗaya zai iya fitar da kai daga rukunin da ya dace da sababbi ya jefa ka cikin masu bindigar dala dubbai. A rukunin Carry Optics na USPSA, inda haɗinka zai dace, an yarda da jan ɗigo a kan silaid amma ba a yarda da ƙarfen hancin nan ba. Ka ga wani dalilin barinsa. Akwai kuma mafi ƙarancin ƙarfin harsashi: a ninka nauyin kan harsashi a ma'aunin giren da gudunsa a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da 1,000, dole ya kai 125. Mai giren 124 da ke gudun ƙafa 1,050 ya ba da 130, ya wuce. Harsashin 9mm yakan zo a giren 115, 124 ko 147. Ni 124 nake ba sabon haɗi, domin yana tura silaid da ƙarfin da aka zana shi a kai.

Ga yadda zan raba dala 1,200 ɗinka da ni ne. Kusan rabi ga cikakkiyar bindigar. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu ga jan ɗigo mai matsakaicin farashi daga kamfanin da aka sani. Ragowar ga yankan silaid da saitin ƙarfe, ƙarin gidajen harsashi, da kube mai tauri wanda ya rufe kunama gaba ɗaya, an kuma yi shi daidai da bindigar da ke ɗauke da jan ɗigo. Za ka ga kuɗin sun ƙare ba mu sayi harsashi ba, kuma ba mu sayi akwatin ƙarfe mai makulli ba. Akwatin ba na jira ba ne. Kana da yara biyu a gida, kuma dokar Texas ta sa laifi ne a bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Idan kuɗi ba su kai ba, jan ɗigon ne zai jira wata mai zuwa. Mariƙi kuma, idan ya yi maka santsi da gumin Houston, akwai takardar riƙo mai ƙaiƙayi da ake mannawa, kuɗinta kaɗan. Kada ka bari a ƙona maka firam da ƙarfe mai zafi don yin zane sai ka tabbata, tun da shi ne sashen da ba a sauyawa sai an koma wurin dillali.

Tsarin aikin kuwa, ka fara harba ta yadda ta zo, harsashi 500 a ƙalla, kana rubutawa a ɗan littafi: ranar, irin harsashi, lambar gida, da duk wata cijewa. Sannan a yanka silaid a ɗora ɗigo, ka sake harba 200 ko 300, ka duba sukurori ko sun motsa. Ɗan layin fenti a kan sukuru zuwa jikin ɗigon zai nuna maka da kallo ɗaya. Ka lura da inda kwanso yake faɗuwa. Idan yana tashi dama, ɗan baya, wuri ɗaya, lafiya lau. Idan yana zubowa kusa da ƙafarka a gajiye, silaid ba ya samun isasshen ƙarfi. Idan yana dukan goshinka, a duba ƙugiya da mai tunkuɗo shi. Sai bayan wannan ne za ka yi tunanin sauyi na gaba, guda ɗaya. Duk aikin da za ka yi a tebur, harsashi mai rai yana wani ɗaki daban, ka cire gida, ka ja silaid, ka leƙa ɗakin bututu da ido ka taɓa da yatsa, domin Glock sai an ja kunama ake kwance ta, kuma a daidai wannan gaɓar ce mutane suke huda bangon ɗakinsu ko cinyarsu. Gwajin shiga da fita a gida da harsashin roba ake yi.

Ranar Asabar mai zuwa ina filin da safe. Ka zo da abin toshe kunne da tabarau, zan kawo 17 da 19 da tsohon silaid ɗin nan mai tagogi da ke kwance a aljihun tebur, ka harba su ka ji bambancin da kanka. Ka gaida mai ɗakinka da yaran.